Gurbi Uku a Bangon Mai Babban Ɗaki

An yi wani sarki a ƙasar Dutsen Marke, sunansa Jatau. Mahaifiyarsa Gwamma, Mai Babban Ɗaki, 'yar mutanen kan dutse ce, waɗanda matansu ke yi wa bangon ɗaki zane da yatsa, da jar ƙasa da farar ƙasa da baƙin makuba. Shekara arba'in ta yi a gidan sarauta ba ta bar al'adar nan ba. Kowace kaka sai ta sabunta jerin zanenta mai kama da ganyen gero, wanda ya zagaye ɗakin kamar ɗamara.

Da Allah ya karɓi abinsa, sarki ya shiga ɗakin, ya ga wuri uku a jerin babu komai, kowanne kamar faɗin tafin hannu, sai ya ɗauka ciwo ne ya hana ta ƙarasawa. Ya umarci Sarkin Magina ya cike su. Ya kuwa cike, har ba a gane inda hannun marigayiya ya tsaya.

Ba a kwana uku ba aka kama Inna Yalwa, ƙawar marigayiya tun ƙuruciya, da sakaina tana kankare aikin. Hukuncin mai ɓata gidan sarki a ƙasar nan kuwa kora ce, ba dawowa, ga ta tsohuwa ko sanda da ƙyar take ɗagawa.

Sarki ya kira Waziri Tanimu ya ce, "Waziri, ta yi, ba ta kuma musa ba, amma ita ta yi wa mahaifiyata wankan gawa. In na kore ta zuciyata ba za ta kwanta ba, in na ƙyale ta shari'a ta zama wasa. Ka zo mini da hukunci kafin la'asar."

Waziri ya fita kansa a ɗaure, domin duk littattafan fiƙihun da ya sauke bai taɓa cin karo da babin zanen bango ba. Ya duba bangon, ya rasa abin da zai gani. Ya tambayi Sarkin Magina, shi kuma ya ce, "Wallahi, ranka ya daɗe, ko marigayiya ta dawo sai ta sa mini albarka. Giɓi na gani, na toshe. Magini ya ga giɓi ya wuce?"

Waziri ya je wajen tsohuwar. "Inna, me aikin nan ya yi miki? Muni gare shi?"

"Kyau gare shi, ɗan nan. Shi ne abin haushin."

"Inna, ki taimake ni, ban gane ba."

"Da wannan ƙaton rawanin?" Ta yi 'yar dariya, sannan muryarta ta sauka. "Mu a wajenmu, in mace ta rasa ɗa, ba ta yawo da kuka. Gurbi take bar masa a bango. Duk shekara in yatsanta ya iso wurin, sai ta ɗaga, ta tsallake, ta ci gaba. Nan yake zaune. Ku kuka zo kuka shafe mata 'ya'ya da laka."

Ruɗewar Waziri sai ta ƙaru. "Biyu na sani ta binne. Na ukun na wa?"

"Ba kai zan faɗa wa ba."

La'asar ta yi, Waziri ya faɗi gaban sarki ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ban zo da hukunci ba, domin abin da ban fahimta ba ya fi wanda na fahimta yawa. Roƙona ɗaya ne: ka taka zuwa ɗakin, ba dogari, ba maroƙi."

Fada kowa yana jiran fushi. Sarki dai ya miƙe.

Aka kawo Inna Yalwa ɗakin. A bakin ƙofa Waziri ya tsaya, yana kallon tsohuwar tana yi wa sarki nuni da sanda. "Wannan yayarka ce, ƙyanda ta ɗauke ta. Wannan ƙanenka, kwana tara ya yi. Wannan kuwa kai ne."

"Ni? Inna, ai ga ni da raina."

"Ranar da aka naɗa ka ta bar shi. Tun daga ranar ba ka sake shigowa ka zauna kan tabarmarta ka ci tuwo da hannu ba. Sarki ke zuwa gaisuwa da zugar mutane, ya tsaya daga can. Ta ce mini, 'Yalwa, na samu sarki, amma yaron fa?'"

Sarki ya daɗe yana kallon wurin da aka kankare. Can ya ce, a hankali, "To yanzu yaya zan yi da shi?"

"Ka bar shi yadda ta bari."

Washegari sarki ya zauna a fada ya ce, "Wadda ta kankare gyara ta yi. Magini umarni ya bi. Mai ɓarnar shi ne wanda ya ba da umarni bai tambaya ba, ni ke nan." Ya danƙa wa Inna Yalwa ɗakin har ƙarshen ranta, ya yafa wa Waziri alkyabbarsa.

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ni fa ban warware komai ba."

Sarki ya ce, "Don haka na ba ka. Adalci yana farawa ne ranar da mai hukunci ya iya cewa ban sani ba, ya tashi ya je ya tambaya."