Kiɗan Tsuma a Ranar Makoki

Tsuma Ngumbao mutum ne mai girman kai, irin wanda in ya gaishe ka sai ka ji kamar sadaka ya ba ka. Yana da gidan rawa a garin Mtwapa, inda 'yan mata ke rawa da guntayen kaya, maza na shan giya suna kallo. Maƙwabta ba sa so, amma duk shekara in kwamitin lasisi ya zo jin ƙorafi sai su yi gum, don 'ya'yansu da yawa a can suke gadi da girki.

Ana haka sai wani dattijo, Mzee Kombe, wanda gidansa ke jingine da katangar wurin, ya rasu. A unguwar ba a kiɗa sai an tashi daga zaman makoki. Matarsa, Mama Sidi, ta tako da kanta da la'asar.

"Ɗana, kwana uku kacal. Ka bari mu binne babanku cikin natsuwa."

Tsuma ya ɗaga hanci, ya ja murya kamar mai karanta labarai a rediyo. "Mama, lasisina daga gwamnati yake, ba daga maƙabarta ba. Shi mamacin ne ya ce kiɗan na damunsa?"

Ya sa aka ƙure lasifika. Kwana uku masu makoki na ganin bakin fasto yana motsi, ba sa jin addu'a.

Bayan wata biyu kwamiti ya zauna a ƙarƙashin mangwaro. Tsuma ya zo ya harɗe ƙafa.

"Akwai mai ƙorafi?" in ji shugabar kwamitin.

Mama Sidi ta miƙe. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗaga hanci, ta ja murya, ta maimaita maganarsa tiryan-tiryan. Babu wanda ya yi dariya. Sai mutane suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya, har da mai gadin Tsuma.

"Kai ma, Baya? Ni nake ciyar da kai!"

"Maigida, Mzee Kombe ne ya goya ni a bayansa," in ji Baya.

Aka hana lasisin. Tsuma ya ɗaukaka ƙara, ya faɗi. Aka ɗaure ƙofar da sarƙa, ma'aikata talatin suka watse, ba da laifinsu ba.

Darasi a nan shi ne, takardar hukuma ba ta maye gurbin haƙurin maƙwabta. Wanda ya wulaƙanta mutane a ranar baƙin cikinsu, ba shi kaɗai zai faɗi ba, har da waɗanda ke ci a ƙarƙashinsa.