Tayoyin Da Ba Sa Sauka Daga Kwalta

Ya 'yan uwa, ku matso ku ji. An yi wani mutum a Birnin Kudu, ɗan asalin wani ƙauye can cikin duwatsun ƙasar Gwaram, gaba da Fagam. Ba zan faɗi sunansa ba, domin danginsa suna raye, kuma sun sha kunyar da ta ishe su.

A shekarun da kuɗin mai ya ɓarke, aka daina lissafi da fam da sule aka koma naira, wannan mutum ya samu kwangilar gina kwalbatoci. Kafin ka ce me, ya yi wuya, ya yi tumbi, ya gina gidan siminti a bakin titi. Arziki ba laifi ba ne. Allah ne ya ba shi, mu ma muna roƙo.

Laifin ya soma ranar da ya tashi sayen mota. Kun san yadda mota take a wurinmu a wancan lokaci. In mutum ɗaya ya saya, gari ne ya saya. Mai naƙuda, wanda ya faɗo daga bishiya, tsohon da numfashi ya sarƙe masa, duk ƙofar mai mota ake bugawa. Mutumin nan ya san haka sarai. Sai ya tafi Kano ya zaɓo wata 'yar jar mota irin ta tsere, ƙasa-ƙasa kamar ƙadangare ya kwanta a rana, kujera biyu tak. Ya ce wa abokansa yana dariya, motarsa ba ta da wurin 'yan "rage mini hanya".

Amma motar ta zo da wani aibi a ganinsa. Tayoyinta masu kauri ne, masu tudu, masu zurfin zane, suna hawa burji suna ratsa yashi. Sau ɗaya ya kai ta ƙauyensu don a gani a yaba, shi ke nan mutane suka gane tana iya zuwa. Aike ya fara yawa. Wannan abu ya tsaya masa a rai.

Ya koma kantin wani Kwara, farin Balarabe mai sayar da tayoyi, a Kano, aka baje masa tayoyi iri-iri. Aka nuna masa irin na motar tun asali, ya kau da kai. Idonsa ya faɗa kan wasu masu faɗi, masu siririn gefe, baƙi wul suna ƙyalli, kowace da farin ƙarfenta. Mai kanti ya gaya masa gaskiya, waɗannan suna kama kwalta kamar an liƙa, suna shan kwana ba gargada, amma ba a sauka da su kan dutse. Kun san abin da ya ce? Ya ce, "Su nake nema."

Ku lura, ba ruɗarsa aka yi ba. Da idonsa biyu ya zaɓa.

Ya kawo su wurin Ɗanbala mai faci a bakin tasha. Aka ɗaga mota da jak, aka kwance noti, aka fitar da tsofaffin, waɗanda ko rabin zanensu bai cinye ba. Ya tsaya a kan Ɗanbala yana zazzare ido, kada a ƙarce masa farin ƙarfe, kada iska ta yi yawa, kada ta yi kaɗan. Sabuwar taya ta fi ƙarfin ramin safaya, sai ya ce a fitar da safayar ma, ba ya son abin da bai dace da sauran ba. Da aka sauke motar, ta ƙara lafewa a ƙasa, har kaza ba ta iya shiga ƙarƙashinta.

A wannan rana ƙanensa Hambali ya shigo cin kasuwa. Uwa ɗaya uba ɗaya suke. Hambali manomi ne, yana da amalanken shanu, da ita duk ƙauyen ke kai taki gona, da ita ake kai mara lafiya bakin titi. Tayoyinta sun mutu tuntuni, tsumma da ƙaiƙayi ake cusa musu. Ya ga tsofaffin tayoyin yayansa a jingine, ya durƙusa ya ce:

"Yaya, don Allah ka bar mini ko biyu daga ciki. Amalanken ta kusa kwantawa."

Mutumin ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce, "Tayar motata a ƙarƙashin kashin shanu? Tashi ka ba ni wuri."

To me ya yi da su? Ya sa aka raba su da ƙarafunansu, aka binne su rabi a ƙofar gidansa, biyu dama biyu hagu, aka shafa musu farar ƙasa, aka shuka furanni a ciki, wai haka ya gani a gidan wani Bature. Abin da zai ɗauki rai zuwa asibiti, shi ya mayar tukunyar fulawa.

Daga nan ya samu amsar da yake so. Duk wanda ya zo da larura, ba ya ma ɓata baki. Sai ya nuna motar da leɓe ya ce, "Tayoyina ba sa sauka daga kwalta." Da la'asar kuwa sai ya hau titin Kano ya taka ta, tana kuka, mata masu shanya a gefen hanya suna watsewa, shi yana jin daɗi.

Damina ta yi tsakiya, matar Hambali, Hapsatu, ta kwana ta wuni tana naƙuda, haihuwa ta ƙi. Hambali ya hau keke ya iso Birnin Kudu da hantsi, ƙafafunsa duk taɓo. Ya iske yayansa a zaune ana goge masa mota. Ya ce:

"Yaya, Hapsatu ce. Kujera ɗaya ta ishe ta, ni sai in biyo ku a keke."

"Ka san tayoyina."

"Yaya, rai ne."

"Ai kana da amalanke."

Hambali ya juya kekensa. Ya koma, ya shimfiɗa tabarma a amalanke, ya ɗora matarsa. Tafiyar da mota za ta yi kafin a gama shan fura, suka yi ta har rana ta karkata. Ba su kai titi ba ta cika, da abin da ke cikinta.

Mutumin ya aika da turmin alawayyo da goro. Shi bai je gaisuwa ba. Hanya ba kyau, in ji shi.

Ya 'yan uwa, wa ya gaya wa ɗan Adam cewa ƙofar da ya rufe wa wasu ba za ta rufe da shi a waje ba?

Mutumin nan yana da abu ɗaya da yake so fiye da motarsa, wato 'yarsa Turai. Ita kaɗai Allah ya ba shi. Ko alkunyar ɗan fari bai yi mata ba, yana kiran sunanta gatsau a gaban mutane, kujerar nan ta biyu kuwa tata ce. Da aka yi hutun makaranta da kaka, kakarta da ke ƙauye ta matsa a kawo mata ita, har ta ce in ba a kawo ba ba ta yafe ba. Ya kai yarinyar mararraba inda kwalta ta ƙare, ya sauke ta, aka ɗauke ta a keke.

Wata safiya Turai ta bi mata gona ana ɗaurin harawa. Ta sa hannu ta ɗago wani dami, baƙin kumurci ya sare ta a tsintsiyar hannu. Aka ɗaure, aka tsaga, aka yi na gida, aka tura mai keke Birnin Kudu. Hambali kuma ya ɗaura shanu.

Da labari ya iske uban, ko hula bai tsaya ɗauka ba. A kan kwalta tayoyin suka yi abin da aka saye su dominsa, motar ta tashi kamar ba ta taɓa ƙasa. Ya iso mararraba, ya karya kan mota ya sauka burji, karo na farko tun da ya canja su. Bai yi nisa ba dutse ya yanka gefen tayar gaba, ta fashe. Ya ci gaba a kan ƙarfe. Ta baya ta bi. A gangaren wani rafi cikin motar ya hau kan fa, ta zauna daram, ƙafafun suna juyawa a banza. Ya buɗe baya da sauri, ramin safaya ya dube shi wayam.

Ya bar ta nan ya sheƙa da gudu, mutum mai tumbi, da takalmin kanti, yana faɗuwa yana tashi. Can ya ji ƙara, ƙiii, ƙiii, ƙarfe yana gurzar dutse. Amalanken Hambali ce. Ƙafa ɗaya tsumma ya zube tana tafiya a kan ƙarfe tsirara, ɗayar an ɗaure ta da igiya. Turai na kwance a kan tabarma, kanta a cinyar kakarta, idanunta sun yi nauyi, yawu yana zuba. Ta ce a hankali, "Baba, ina motar?"

 Uban ya juya kan ƙanensa ya daka masa tsawa, "Kora su mana! Ka doke su!"

Hambali bai ɗaga murya ba. Ya ce, "In na kora, ƙafar za ta fita, mu tsaya gaba ɗaya. Haka muka tafi da Hapsatu, Yaya. Iyakar saurinta ke nan."

Suka zo suka wuce jar motar a bakin rafi, tana ƙyalli a rana. Da tsofaffin tayoyinta ne a ƙafarta, da tuni ta juya da yarinyar. Da su ne a ƙafar amalanken, da shanun sun yi sassarfa. Ya hana motar, ya hana amalanken, ya ba furanni. Yana tafe a gefe yana riƙe da ƙafar 'yarsa, yana jin sanyi yana hawanta.

Suna hango baƙin kwalta, motoci suna wucewa, tsohuwar ta sa hannu ta shafe idanun jikarta.

Uban ya ce a kai ta gidansa. Amalanken ta hau titi tana ƙara, mutane suna fitowa suna salati, har ta tsaya a ƙofar gidan siminti, daidai tsakanin fararen tayoyin nan, biyu dama biyu hagu, furanni sun yi jajir a ciki. Hambali ya dube su, ya dubi yayansa, ya sauke gawar.

Bayan sadakar uku mutumin ya ɗauki fartanya da hannunsa ya tone su. Rana da ruwa sun cinye su, sun tsattsage, ko takalmi ba za a yanka ba. Duk da haka ya kai wa Hambali. Hambali ya ce, "Mayar da abinka, Yaya. Ba ni da sauran wanda zan ɗauka."

Daga ranar kansa bai sake daidai ba. Kwangila ta tsaya, matarsa ta koma gidansu, gidan ya fita daga hannunsa. Motar ta ruɓe a bakin rafi, awaki suna hawa. Dattawan tasha sun san shi, wani tsoho mai yagaggiyar riga, yana gara farar taya a hanyar Gwaram, yana ce wa duk wanda ya tare shi a ba shi hanya, sauri yake, ana jiransa.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai yi sata ba, bai sha giya ba, yana ma sahun gaba ran Juma'a. Abin da ya yi kawai, ya zauna ya tsara rayuwarsa yadda ba wanda zai amfana da shi, har ya biya kuɗi ya sayi uzuri. Allah ya yi tir da masu hana taimako da ɗan abin amfani, kuma ya tsananta a kan yanke zumunta. Kowa ya duba kansa. Wane abu ka gina, wane abu ka saya, don kawai ka samu bakin cewa ba za ka iya ba? Ka sani, ranar da taka larurar za ta zo, da wannan abin za ka fita nemanta, kuma amsar da ka saba ba mutane ita za ka ji.

Allah ya sa abin da ya ba mu ya zama mai ɗaukar 'yan uwanmu, kada ya zama shaida a kanmu. Allah ya jiƙan Hapsatu da Turai. Allah ya kiyaye mu da zuriyarmu daga ƙeƙasar zuciya. Amin.