Sarƙar Kamalini a Gaban Sarki Mazadu

A wani zamani mai nisa, an yi wani sarki da ake kira Mazadu, mai mulkin wani birni a bakin teku. A cikin birnin akwai unguwar fataken Hindu, masu sayar da alharini da kayan ƙanshi. Kakan Sarki ne ya ba su amana, bisa sharaɗin su yi bautarsu a cikin gidajensu, kada su fito da gunki sarari. Wanda ya karya sharaɗin, wuyansa na Hauni ne, mai sare kawunan masu laifi.

Wata shekara annoba ta faɗa unguwar, kullum sai an fitar da gawa. Ana cikin haka sai dattijonsu, Narahari, ya zo fada ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, na kawo ƙarar 'yarmu Kamalini. Tana rataya sarƙa mai siffar abin bautarmu, tana shiga kasuwa da gidan makoki da ita. A ganina wannan raini ne, shi ya jawo mana bala'i."

Waziri Tukuri, wanda ya daɗe da sa ido kan rumbunan baƙin, ya yi caraf ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a tambaye ta: ado ne ko abin bauta? In ado ne, a narka shi a gaban mutanenta. In abin bauta ne, amana ta karye, a sare ta, a kori sauran."

Nan take aka aika a kamo Kamalini. Dogarai suka kewaye unguwar, mata suka rungume 'ya'yansu, ba ka jin komai sai kuka.

Aka kawo Kamalini. Hauni na tsaye a bayanta, takobi a zare. Waziri ya jefa mata tambayar. Ta ce, "Ranka ya daɗe, mahaifiyata ce ta sa mini ranar da za ta rasu. Ba zan kira shi ado ba. Amma ƙarƙashin tufafina yake, in zan shiga makewayi kuwa cirewa nake yi."

"Ta amsa laifinta!" in ji Waziri. Hauni ya matso.

Sarki ya ɗaga hannu. Ya dubi Narahari ya ce, "Dattijo, me malamanku suka ce?"

Narahari ya ce, "Sun saɓa, ranka ya daɗe. Wasu sun hana, wasu sun yarda in ana kiyaye tsarkinsa. Ni ina cikin masu hani, amma ban zo neman jininta ba."

"Ka taɓa ganin sarƙar?"

"Ban taɓa ba. Labari aka kawo mini."

Sai Sarki ya juya ga Waziri, fuska a sake, ya ce, "Tukuri, kai ne idona a garin nan. Kafin a ciro sarƙar, siffanta mini ita, kada a musanya mana da wata."

Waziri ya gyara zama ya ce, "Zinariya ce, mai kan giwa da hannu huɗu, an ɗaure ta da jan zare a inda ta tsinke."

Aka sa jakadiya ta shiga da Kamalini bayan labule. Ta fito ta ce haka take, har jan zaren.

Sarki ya ce, "Jan zaren a ina yake?"

Jakadiya ta ce, "A ƙeya, ranka ya daɗe, ƙarƙashin gashi."

Sarki ya ce, "Abin da dattijonta bai gani ba, ina ka gan shi, Waziri?"

Nan take Sarki ya sa aka kirawo mutanen gidan Kamalini. Da aka matsa musu, sai baiwarta ta rushe da kuka, ta ce Waziri ne ya tsorata ta, ya sa ta leƙen uwar ɗakinta, ya kuma tura ta ta zuga Narahari.

Sarki ya ce, "Abin da ke ɓoye cikin riga bai fito sarari ba, amana na nan. Halaccin sa shi kuwa, ba ni zan yanke muku ba. Ku koma ku zauna da malamanku."

Aka tuɓe rawanin Tukuri, aka fitar da shi daga ƙasar. Dogarai suka janye, Sarki ya aika masu magani unguwar. Narahari ya bi Kamalini har ƙofar gida yana neman gafara. Ta ce, "Na yafe, Baba. Amma ba zan cire ba." Ya ce, "Ni ma ban sake ra'ayi ba, 'yata. Shiga ki huta."