Waya Mai Jan Zare

An yi wani mutum, wani bawan Allah da ake kira Nomau, a wani gari da ke ƙasan madatsar ruwa. Ba malami ba ne, ba mai kuɗi ba ne. Aikinsa tsaron akwatin lasifikar gari.

Ku saurara ku ji yadda akwatin nan yake, don abin mamaki ne. Baki huɗu gare shi, murya ɗaya. Waya ɗaya ta zo daga masallaci, ɗaya daga zauren mai gari, ɗaya daga rediyo. Duk wadda Nomau ya murɗa wa, ita ce za ta fita ta lasifikar da ke kan dogon ƙarfe a tsakiyar kasuwa. An ce har wani ƙadangare ya tare a bayan akwatin saboda ɗumi, Nomau kuma bai taɓa korarsa ba.

Waya ta huɗu daga madatsa take, ya ɗaura mata jan zare. Ita ba a cire ta, ba a rage ta. Idan ruwa ya cika za a buɗe ƙofa, mai gadi, Cindo, ta nan zai yi shela, mutanen fadama su fito. Shekara bakwai ba ta ce uffan ba, sai ɗan ƙugi kamar zuma a tulu.

Wata damina Alhaji Barau ya dawo daga Makka, ya shirya walima da hantsi. Liman zai yi addu'a, mai gari zai yi jawabi, an cire rediyo an sa wa maroƙi. Sai Alhaji ya shigo rumfar Nomau rungume da kwamfuta, wai gari ya ji muryarsa da aka ɗauka a Arfa.

Nomau ya ce, "Alhaji, baki huɗu ne, duk sun cika."

"Wannan mai jan zaren fa? Kurma ce?"

"Ta madatsa ce, ranka ya daɗe."

Alhaji ya yi dariya. "Kai Nomau! Dubi sama, ko gajimare babu. Sama mini wuri dai, kada ka ba ni kunya gaban baƙi." Ya ajiye kwamfutar ya fita.

Kunya, jama'a. Kunya ce ta kama shi, ba kwaɗayi ba. Ya leƙa sama, ya ga garau. Ya manta ruwan madatsa ba daga saman garinsu yake zuwa ba, daga duwatsun gabas yake. Ya zare mai jan zare, ya soka ta Alhaji. Babu wanda ya gani sai ƙadangare.

Da muryar Alhaji ta ƙare, ya mayar da wayar. Nan take wata murya dusasshiya ta fashe a kan kasuwa: "Ku fito! Don Allah ku fito!"

Kafin a kai fadama ruwa ya riga kowa. Ya ci manoman shinkafa biyu, da wata mata, Tabawa, da ta je wanki. Ita sai washegari aka same ta, zane ya maƙale a saiwar baure.

Bayan jana'iza aka jawo Cindo ƙofar mai gari. Jatau, mijin Tabawa, yana riƙe da gora, ya daka masa tsawa.

"Duk mun ji ka! Sai da ruwa ya iso ka buɗe baki!"

Cindo ya ce, da abin da ya rage na muryarsa, "Wallahi na fi awa ina kira."

"Ƙarya kake, malalaci! Barci ka yi!"

Aka aika a duba akwati. Ga mai jan zare daram a bakinta. Mai gari ya ce, "Nomau ba ya kuskure." Alhaji Barau kuwa ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

To ku lura. Babu mai tuhumar Nomau. Shiru kawai zai yi, ya koma gida da mutuncinsa. Ya dubi Cindo a durƙushe, an yaga masa riga. Sai ya juya ya koma rumfarsa, ya rage bakuna uku, ya ɗauki makirfon da ya bar wa maroƙi.

"Jama'a, Nomau ne. Ku saki Cindo. Ya yi kira, ni na cire wayarsa. Da hannuna na cire."

Bai ambaci sunan Alhaji ba. Ya fito ya zauna a ƙasa gaban Jatau, ya tuɓe hula. Jatau ya ɗaga gorar, ya daɗe haka, sannan ya sake ta ta faɗi.

"Tashi ka bar garin nan. Kada in ƙara ganinka."

Ya tashi. An ce a wata tasha ya ƙare yana dako, kuma har ya mutu ba ya iya tsayawa kusa da lasifika. Gaskiyarsa ba ta tashi Tabawa ba. Amma Cindo ya tsufa a ɗakinsa, jikokinsa ba su gaji sunan mai kisa ba.

To, 'yan'uwa, darasi biyu ne. Amanar da ta yi shiru ba ta mutu ba. Kada kunyar wani babba ta sa ka cire ta. In kuwa ka riga ka cire, aka kama wani a madadinka, buɗe baki tun yana da rai. Kowa a cikinku ya san wayar da aka ba shi tsaro. Ku je gida ku duba ko tana nan a soke. Allah Ya ba mu ikon cewa "ni ne".