Injiniyan Faranti na Hajj Yusuf

Akwai wani mutum a Hajj Yusuf, sunansa Mika'ilu, wanda yake cewa duk faɗin Khartum babu injiniyan da ya san shabaka, wato netwok ɗin waya, kamarsa. Mai walda ne a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, amma idan ya fara bayanin yadda magana take tafiya a iska, sai shayinka ya huce ba ka kurɓa ba.

Lokacin da faɗa ya lafa mutane suka fara dawowa gidajensu, sun tarar dogon ƙarfen shabaka na unguwar ya lalace. Kira ba ya shiga, ba ya fita. Wuri ɗaya tak waya take kamawa, shi ne jikin katangar gidan Mika'ilu, gefen darbejiya.

Mutumin naku bai ɓata lokaci ba. Ya kafa dogon bututu, ya ɗaure wani baƙin abu mai faɗi a can sama, ya naɗe shi da igiyar tagulla. Ya ce wannan na'urar ce take jawo shabaka tun daga Omdurman, ta tsallako da ita kogi. Ba ya neman komai a wurin kowa sai a kira shi Bashmuhandis, wato babban injiniya. Kullum da la'asar ƙofar gidansa cike take, kowa ya ɗaga waya sama.

Wata rana raksha, keken nan mai ƙafa uku, ta sauke wata mata da jaka da na'urar awo. Sunanta Suhaila, daga Omdurman take, tana binciken ƙarfin shabaka unguwa-unguwa. Sakamakon bincikenta za a miƙa wa masu gyara, kuma inda abin ya fi lalacewa nan za a fara zuwa.

Kun san halinmu da baƙo. Ba a nuna masa ɓarakar gida. Mika'ilu ya tare ta tun daga bakin titi, ya kai ta gindin darbejiya, aka kawo kujera, aka kawo jabana, wato gahawa, da dabino. Ta auna a nan, ta auna a ƙofar gida, ta auna a tsakar gida. Ko'ina alamar ƙarfin shabaka tana nuna sanda uku.

Ta tambaya ko haka sauran unguwar take.

Mika'ilu ya ce, "Tamam, 'yata. Mu nan mun daɗe da gama da wannan matsalar."

Maƙwabta suna tsaye, amma babu wanda ya iya ƙaryata mai gida a gaban baƙuwarsa. Ita kuma tana da unguwa shida a gabanta ranar. Ta yi godiya ta wuce.

Bayan mako biyu jerin masu gyara ya fito. Unguwarsu tana can ƙasa, an rubuta cewa shabakarta lafiya lau.

Wadda abin ya fi ƙona wa rai ita ce Amna ungozoma. Mata bakwai ne a hannunta masu tsohon ciki, kuma wayarta ba ta yin ƙara a cikin gidanta. Satin da ya wuce wata ta fara naƙuda da azahar, mijin ya kira har ya gaji, sai da ƙafa ya zo, da ƙyar aka kai matar asibiti. Amna ta ji za a rufe jerin ranar Alhamis, sai ta hau mota biyu har Omdurman, ta yi ta tambaya har ta samu Suhaila.

Suhaila ba ta yi musu ba. Ta buɗe lambobinta, ta ga duk awon unguwar daga fili ɗaya ya fito, wanda bai wuce taku goma ba. Ta ce laifinta ne da ta bari jabana ta zaunar da ita.

Ranar Laraba ta dawo. Wannan karon Amna ce a gaba, kuma an hana kowa kawo kujera. Suka bi gida-gida cikin rana, daga masallaci zuwa tashar raksha, daga gidan burodi zuwa ɗakin Amna. Wuri arba'in da ɗaya suka auna, babu sanda ko ɗaya.

Sai aka zo tura sabon awon ga masu gyara. Ina za a samu shabaka? Dole aka koma gindin darbejiya, rabin unguwa na biye. Saƙon ya yi ta juyi, ya yi ta juyi, can ya tafi. Ba a daɗe ba amsa ta zo: an karɓi sabon awo, an mayar da unguwar cikin sahun farko.

Amna ta zauna a ƙasa ta ce alhamdulillahi. Mata suka rangaɗa guɗa.

Da Mika'ilu ya yi shiru da an rabu lafiya. Amma ina! Ya gyara rawani ya ce, "Ku dai shaida, ko takardar tata da na'urata ta wuce."

Suhaila ta yi murmushi. "Ammu, baffana, a sauko mana da ita in auna ta, ta shiga cikin bincike."

Ya ce idan aka taɓa ta shabaka za ta gudu, ba ruwansa. Jama'a suka ce sun yarda. Haka ya kwance bututun da hannunsa yana gumi.

Suhaila ta ɗaga waya sama kowa ya gani. Sanda uku, ba ta ragu ba. Ta nuna musu wata tazara tsakanin benaye biyu ta gabas, ta ce ta nan ne katangar take hangen wani ƙarfen shabaka mai nisa. Tun kafin a kafa bututu wurin yake kamawa.

Ana cikin haka Kubra, matar Mika'ilu, ta matso tana kallon baƙin abin nan. Ta juya shi, ta kankare fenti da farce. Kun san mata suna rubuta sunansu da jan farce a bayan faranti, don kada ya ɓace a gidan biki ko wurin buɗa-baki na titi. To ga shi nan ɓaro-ɓaro: Kubra.

Babbar siniyarta ce, farantinta na shan ruwa, wadda ya rantse mata ɓarayi sun ɗauke lokacin da suke gudun hijira.

Ta ɗaga ta sama ta ce, "Bashmuhandis, ashe ɓarawon nawa a gidana yake cin tuwo? Wata huɗu ina aron siniyar Amna!"

Mika'ilu ya laluba aljihu, ya kara waya a kunne kamar an kira shi. Amna ta leƙa ta ce, "Malam, juya ta, a kife ka riƙe."

Darasi: Idan an zo auna matsalarka, nuna ta yadda take. Ɓoye ciwo don a yabe ka ba karamci ba ne, wani ne zai sha wahalarsa. Kuma kada ka ɗauki yabo a kan abin da ba kai ka yi ba. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wanda kuka san akwai faranti a saman gidansa.