Ari Ba Ya Zama a Gefen Direba

A unguwar Dukawuya, cikin birnin Kano, an yi wani direba mai suna Ari, asalin gidansu mutanen Barno ne. Ya iya mota, wannan ba mai musu. Amma girman kai ya yi masa katutu, ga taurin kai na ban haushi. Babbar motar da yake ja ma ba tasa ba ce, ta yayarsa Aisa ce. Da gadon marayunta aka saye ta bayan rasuwar mijinta, ita ce cinsu, ita ce suturarsu.

A kakar gyaɗar 1956 aka kama shi yana tsula gudu a hanyar Zariya, majistare ya dakatar da lasinsa sai bayan babbar salla. Aisa ta aika a tambayo akawun kamfanin inshora. Ya ce a gaya mata inshorar motar tana nan, amma muddin wanda aka hana tuƙi ya kama sitiyari, duk abin da ya faru ba ruwan kamfani.

Sai ta ɗauki Ilu ya riƙa ja. Shi kuwa Ilu, Ari ne ya koya masa mota tun yana karen mota, yanzu ya zama magidanci mai lasin kansa.

"Yaya, ni zan zauna a gefe Ilu yana ja?" in ji Ari. "Ilun da nake aika ya ɗebo mini ruwan lagireto?"

"Ka zauna ko a bisa buhuna ne," in ji ta. "Don Allah Ari, kada ka taɓa mini motar yaran nan."

Ya ce ya ji. Ina ya ji! A daji dai yakan zauna lamo, don ba wanda ya san shi. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne mutanen gari su gan shi a kujerar fasinja. Saboda haka da sun doso Ƙofar Ɗan Agundi sai ya ce, "Tsaya nan, matsa." Ilu yakan ce, "Maigida, Hajiya Aisa fa ta hana." Amma wa ke iya musu da wanda ya koya masa sana'a? Haka zai matsa, Ari ya shiga gari yana danna ham, yana ɗaga wa jama'a hannu.

Wata rana da la'asar, sun shigo ƙofar ke nan, ya juya yana amsa gaisuwar wasu masu shayi. Bai ga wani mai jakai da ake kira Ashafa ba. Ya banke shi, ƙafa ta karye, motar ta zarce ta rusa katangar wani gida. Haushin abin, shaidu ba sai an nema ba. Duk mutanen da ya so su gan shi yana tuƙi sun gan shi.

Kamfanin inshora ya ce magana ɗaya ce, an kuma faɗe ta tun farko. Ga jinyar Ashafa, ga ginin katanga, ga tarar kotu. Dole aka sa motar a kasuwa, wani ɗan kwangila ya saye ta a wulakance.

Ranar da aka zo janta, Ari ya durƙusa a gaban Aisa yana ba ta haƙuri. Sai ta nuna masa ɗakin da yaran suke.

"Ba tawa ba ce da zan yafe," in ji ta. "Shiga ka gaya musu da bakinka."

Ari ya kai bakin ƙofar ɗakin, ya kasa ɗaga labule.

Mai karatu, darasin a fili yake. Idan hukuma ta ce ka dakata, to ka dakata, inshora ba ta kare wanda ya taka doka da gangan. Zama a gefen wanda ka koya wa aiki ba ya rage ka da komai. Kuma kafin ka yi wasa da abin da aka ba ka amana don a ce da kai gwani, ka tuna bakunan da ke ci daga gare shi.