Juyar Dagaci da Maraƙin Tabawa

Da rani ya kawo jiki, ciyawa ta ƙare, wata bazawara mai suna Tabawa ta kai tsohuwar saniyarta kara, kasuwar dabbobi, don ta sayar, ɗan maraƙinta na biye. Dagacin garin ya gani, ya yi sha'awa, amma bai son biya.

Ya ce, "Tabawa, wannan ai juya ce, ba ta haihuwa. Kuɗin juya zan ba ki. Maraƙi kuwa uwarsa yake bi, ba a yi masa ciniki."

Tabawa ta san ba a ce wa dagaci a'a a gaban jama'a. Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, kunnena ya yi nauyi. Me ka ce saniyar?"

Ya ɗaga murya har dillalai suka juyo. "Na ce juya ce!"

"To, na sallama."

Ta miƙa masa igiyar saniyar, ta ja maraƙi ta kama hanya.

"Ina za ki da maraƙina?"

"Zan nemo masa uwarsa ne, ranka ya daɗe. Ka ce uwa yake bi, juya kuwa ba ta da ɗa."

"Ai wannan ce ta haife shi."

Tabawa ta dawo ta sake durƙusawa. "Ashe mai haihuwa ce. To, Allah ya ba ka nasara, sai mu sake ciniki."

Dillalai suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Dagaci ya biya kuɗin uwa, ya biya na ɗa.